Za a Iya Barin Ƙananan Yara a Hannun 'Yar Reno Lokacin Hutu?

Kowace shekara, da zarar watan Disamba ya kama, ƙauyukanmu sukan cika da baƙi. 'Ya'yanmu da suke aiki a Jos, Kaduna, Bauchi, Yola ko Abuja sukan ɗauki hutu su zo gida cin Kirsimeti, da matansu da 'ya'yansu. A kujerar baya ta mota kuma, tsakanin jakunkuna da buhun shinkafa, akan ga wata yarinya riƙe da jariri. Ita ce 'yar reno. Wata shekarunta goma sha biyu, wata sha biyar, wata kuwa ko goma ba ta cika ba. Da an sauka an gaisa, sai uwar yara ta shiga hidima: gaisuwar dangi, ta'aziyyar waɗanda suka rasu cikin shekara, bikin aure, cefane, girki. In an tambayi yara, sai a ce, “Ai suna wurin yarinyar.”

Mu ma da muke zaune a ƙauye haka muke yi. Makaranta ta rufe, ga sussukar dawa ba a gama ba, ga aikin lambu ya soma a fadama. Sai mu ɗauki majanyi mu goya wa 'yarmu ko 'yar ƙanenmu jariri, mu haɗa mata da mai tatata da kuma ɗan shekara uku, mu fita.

Mata da yawa a ƙungiyoyinmu sukan tambayi juna, “Yarinyar nan, ana iya amincewa da ita kuwa?” Amsar da ake bayarwa kullum ta hali ce. Akan ce ba ta sata, ba ta ƙarya, tana da kunya, tana son yaran kamar ƙannenta. Duk wannan yana da kyau, kuma yawancin 'yan matan nan haka suke. Amma halin kirki ba shi ne yake fitar da yaro daga rijiya ba. Tambayar da ta fi ita ce: nauyin da muka ɗora mata, mai shekarunta tana iya ɗaukarsa? Yara nawa muka bar mata, a wane wuri, har tsawon wane lokaci, kuma wane babba ne yake kusa?

Ita ma yarinya ce

Yarinya mai shekara goma sha ɗaya tana iya goyo, tana iya wanka, tana iya lallashin mai kuka har ya yi barci. Wannan ne yake ruɗinmu. Muna ganin ta ƙware a aikin yau da kullum, sai mu ɗauka za ta ƙware a ranar haɗari. Abu biyu ne dabam. Aikin reno na gaskiya shi ne hango abin da bai faru ba tukuna: a ga baho cike da ruwan wanki a tuna mai rarrafe yana kusa, a ga tukunyar talge a kan murhu a janye yaro tun bai miƙa hannu ba. Irin wannan hange da shekaru yake zuwa. Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba.

Ban da haka, hankalin yarinya yakan tafi inda wasa yake. Ba laifinta ba ne, haka kowane yaro yake. In 'yan matan unguwa suna gaɗa a dandali, ko 'yan kwaya suna koyon waƙar Kirsimeti a majami'a, ƙafarta tana gida amma kunnenta yana can.

Doka ma ta san da wannan. Dokar 'Yancin Yara ta Nijeriya, ta shekarar 2003, ta ce duk wanda bai kai shekara 18 ba yaro ne. Dokar hana fataucin mutane ta 2015, wadda hukumar NAPTIP take lura da ita, ta haramta ɗaukar yaro da bai kai shekara 12 ba aikin gida, hukuncinsa kuwa ɗaurin wata 6 ne har zuwa shekara 7. Mutanen kirki da yawa sun ɗauko 'yar shekara tara daga ƙauye da nufin taimakon iyayenta, ba su san wannan doka ta shafe su ba.

Hutu ya fi ranakun aiki haɗari

Mutum zai zaci yaro ya fi samun tsaro a gidan kakansa lokacin biki, gama ga mutane cike da gida. Sau da yawa akasin haka ne. Inda manya ashirin suke, kowa yana tsammani wani ne yake duban yaron. Uwa tana zaton yana wurin kaka, kaka tana zaton yana wurin 'yar reno, 'yar reno kuwa gwaggo ta aike ta kai niƙa. Gama wannan ma wata matsala ce: yarinyar da a birni mutum ɗaya yake sa ta aiki, a ƙauye kowa ubangidanta ne. Wannan ya ce ta ɗebo ruwa, wancan ya ce ta wanke kwanuka, wata ta ce ta fige kaza. Ba ta da bakin da za ta ce wa babba, “Ina duban yaro.” Sai ta ajiye yaron ta tafi.

Sa'an nan wurin baƙo ne gare ta, ko kuwa ga yaran. Yarinyar da ta saba da gida mai ɗaki biyu da ƙofa mai sakata ta san duk wani abu mai cutarwa a cikinsa. A ƙauye babu ƙofar da za ta rufe. Ba ta san akwai tsohuwar rijiya bayan rumbu ba. Ba ta san ramin da aka haƙa aka yi tubali ya tara ruwa ba. A ƙasar Filato akwai kududdufan da masu haƙar kuza suka bari, masu zurfi ƙwarai, bakinsu kuma a tsaye yake, ba gangare. Yaran ƙauyen sun san su, an kuma sha yi musu kashedi. Yaran birni ruwa kawai suke gani.

In kuwa yarinyar 'yar ƙauyen ce, to, sai mu tuna wata goma sha ɗaya ke nan ba ta ga mahaifiyarta ba. Ita ma gida ta zo. A ganina rashin adalci ne a kawo ta ƙofar gidansu, sa'an nan a hana ta kwana biyu da iyayenta. In ba a ba ta ba, za ta nemi hanyar zuwa a ɓoye, ko dai ta bar yaran, ko ta ja su cikin rana zuwa wata unguwa ba da sanin kowa ba.

Ruwa

Ruwa ne ya kamata mu fi jin tsoro, domin ba ya ba da lokaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto a 2024, inda ta ƙiyasta cewa mutum wajen 300,000 suka mutu ta nutsewa a ruwa a shekarar 2021. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na waɗannan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. In an auna da yawan jama'a kuma, yankin Afirka ne ya fi kowane yanki wannan hasara.

Mutane da yawa suna tsammani wanda yake nutsewa yakan yi ihu, yana dukan ruwa. Ƙaramin yaro ba ya yi. Kansa yana da nauyi ƙwarai in aka kwatanta da girman jikinsa. In ya leƙa bokiti ko baho ya faɗa da ka, ba ya iya ɗagowa, ba ya iya kuka, gama baki da hanci suna cikin ruwa. Ruwan da bai wuce tsawon yatsa ba ya isa. Minti kaɗan ne, watau gwargwadon lokacin da yarinya za ta shiga ɗaki ta ɗauko zane, ta tsaya amsa wata tambaya, ta fito. Saboda haka ba daidai ba ne a ce wa 'yar reno ta tafi rafi wanki da yara biye da ita. Mai wanki idonta yana kan wanki. Babbar mace ma ba ta iya haɗa biyun, balle yarinya.

Wuta, kananzir da maganin ƙwari

Hutun Kirsimeti da hunturu tare suke zuwa. Da safe da yamma ana hura wuta a tsakar gida domin jin ɗumi, ana kuma girki da manyan tukwane a ƙasa. Kunu mai zafi, man suya, ruwan figar kaji, duk suna daidai tsayin mai tatata. In yaro ya ƙone, abin yi shi ne a yi ta zuba ruwa mai sanyi a wurin har minti 20, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, a kai shi asibiti. Ba a sa ƙwai, ko man goge baki, ko baƙin mai, ko toka. Mu tambayi kanmu, 'yan reno nawa ne aka taɓa gaya wa wannan?

Mu manoma kuma muna da namu haɗari da mutanen birni ba su da shi. Wannan ne lokacin da muke sa wa hatsi da wake magani. Ƙwayar Phostoxin da ake sakawa cikin buhu tana fitar da iska mai guba, bai kamata a ajiye irin wannan buhu a ɗakin da mutane suke kwana ba. Amma da baƙi sun yi yawa, ɗakin ajiya ne muke sharewa mu shimfiɗa wa yara da 'yar reno tabarma. Wannan kuskure ne mai kisa. Haka kuma ragowar maganin feshi da kananzir da muke zubawa a kwalbar lemo mu tura ƙarƙashin gado. Yaro mai ƙishi kwalbar ya sani, bai san abin da yake ciki ba. In ya sha kananzir, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, gama amai yakan sa kananzir ya shiga huhu. A ɗauke shi da kwalbar a tafi asibiti.

Ga wani abu ƙarami da ba a kula da shi: gyaɗa. Da kaka tana ko'ina, 'yar reno kuma tana ci tana ba ɗan da yake hannunta don ƙauna. Ƙwayar gyaɗa tana iya sarƙe ɗan shekara ɗaya ko biyu ta toshe masa hanyar numfashi. Ɗan hakin da ka raina ke nan. A ƙasashen Kaltungo da Langtang kuma, inda kububuwa take da yawa, a hana yara wasa cikin tarin kara da ƙaiƙayi.

Ba na lissafa waɗannan don in tsorata kowa. Ina so mu ga cewa yawancinsu ba aikin yarinya ba ne. Rufe rijiya, kifar da baho, ɗaga magani zuwa inda hannu ba ya kaiwa, kewaye murhu, duk aikin maigida ne da uwargida, kafin baƙi su iso. Ba daidai ba ne mu bar tarko goma a tsakar gida, mu ce 'yar shekara goma sha biyu ta yi gadinsu duka.

Yarinyar da ake duka ba ta kawo labari da wuri

A nan ne maganar amincewa take da nauyi, amma ba ta inda muke zato ba. Kowane mai reno, babba ko ƙarami, wata rana yaro zai faɗi a hannunsa, ko ya sa wani abu a baki. Abin da yake raba rai da mutuwa sau da yawa shi ne saurin faɗa. Yarinyar da ta san za a zane ta in kofi ya fashe, me za ta yi in jariri ya faɗo daga gado kansa ya bugu? Za ta lallashe shi, ta goya shi, ta yi shiru. Da dare yaro ya soma amai, ko barcinsa ya yi nauyi, uwa ta ɗauka zazzaɓi ne. A asibiti ma malamin zai yi ta lalube, domin wadda ta san gaskiya tana tsaye a bakin ƙofa, tsoro ya ɗaure mata baki.

Saboda haka uwar da take so ta amince da 'yar renonta, sai ta fara sa yarinyar ta amince da ita. Ta zaunar da ita ta ce, “'Yata, ko me ya sami yaron nan, ko laifinki ne ko ba naki ba, ki zo da gudu ki gaya mini. Ba zan taɓa ki ba.” Sa'an nan ranar da ta zo ta ce, “Mama, ya faɗi,” a cika alkawarin. In aka karya shi sau ɗaya, ba za ta ƙara zuwa ba.

Gajiya ma haka take. Yarinyar da ta tashi tun asuba, ita ce ta ƙarshen cin abinci, ita ce ta ƙarshen kwanciya, da rana barci zai ɗauke ta a gindin itace. Wata kuma in jariri ya yi ta kuka ya ƙi shiru, haushi yakan sa ta girgiza shi da ƙarfi, ba ta san wannan yana iya lalata masa ƙwaƙwalwa ba. A gaya mata in ta gaji da kukan, ta kwantar da shi ta kira babba, ba abin kunya ba ne.

To, nawa za a bar mata?

Ga yadda nake gani. Wadda ba ta kai shekara 12 ba abokiyar wasan yara ce, ba mai reno ba. Tana iya zama da su a inda idon babba yake kaiwa. Mai shekara 13 zuwa 15 tana iya riƙe yaro ɗaya ko biyu na sa'a ɗaya ko biyu a cikin gida, in akwai babba da aka kira sunansa aka ce masa, “Kaka, zan fita, yaran suna hannunki, yarinyar tana taimakonki.” Kiran sunan nan shi ne muhimmin abu. “Akwai mutane a gida” ba suna ba ne. Budurwa mai shekara 16 ko 17 da aka koya wa aiki tana iya wuni da su, amma ban ga dalilin da zai sa iyaye su tafi biki wani gari su kwana, su bar mata yara ita kaɗai ba. Ciwon yara da dare yake tsananta. In zazzaɓi ya kawo jijjiga da tsakar dare, ba ta da kuɗi, ba ta da abin hawa, ba ta kuma da ikon yanke shawara. Jariri da bai kai wata shida ba kuwa, wanda nono kaɗai yake sha, wurinsa bayan uwarsa ne duk inda za ta.

Kafin a fita, a nuna mata abubuwa da hannu, ba da baki kaɗai ba. A zaga gidan da ita a nuna mata rijiya da ramuka. A sa ta haɗa ruwan gishiri da sukari na fakiti cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta a gaban uwar, domin ranar gudawa. A gaya mata in yaro yana jijjiga a kwantar da shi ta gefe, kada a sa masa cokali a baki, kada a kai ƙafarsa kusa da wuta. A nuna mata gidan da za ta ruga, a rubuta lambar waya a bango. Kada kuma ta ba yaro kowane irin magani da kanta. Sa'an nan a sanar wa dukan gida cewa sa'ad da take riƙe da yaro, ba mai aikenta. Wannan maigida ne zai faɗa, gama in surukar gida ta faɗa, za a ce ta zo da iyayin birni.

Abin da ƙungiya za ta iya yi

Ƙasar Bangaladash, a nahiyar Asiya, ƙasa ce ta manoma da tafkuna, kusan kowane gida da nasa kududdufi. Masu bincike a can sun lura cewa yawancin ƙananan yara suna nutsewa ne tsakanin ƙarfe 9 na safe da ƙarfe 1 na rana, sa'ad da uwaye suke fama da aiki, kuma kusa da gida ƙwarai. Sai aka kafa wuraren reno na ƙauye da suke kira Anchal. Mace ɗaya da aka horar, da mataimakiyarta, sukan tara yara 20 zuwa 25 'yan ƙasa da shekara biyar a ɗaki guda cikin waɗannan sa'o'i huɗu, kwana shida a mako. Da aka auna, an ga nutsewa ta ragu da fiye da kashi 80 cikin 100 a tsakanin yaran da suke zuwa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawarar yin irin wannan reno na rana domin kare yara daga ruwa.

Ba wani abu a ciki da ya fi ƙarfin ƙungiyar gama kai. Mun saba da gayya a gona, mun saba da adashi. Muna da ɗakin makarantar Lahadi da yake rufe daga Litinin zuwa Asabar. Muna da dattawan mata da ƙarfinsu bai kai na sussuka ba, amma idonsu da hankalinsu sun fi na kowa. In mata goma suka haɗa kai, biyu suna zama da yaran kowace rana bi da bi, kowace mace kwana ɗaya za ta rasa cikin biyar, sauran huɗun ta yi aikinta hankali kwance. Ko kuwa ƙungiya ta ware mudu kaɗan daga hatsin da take tarawa ta biya mata biyu su riƙe aikin tun daga kaka har ƙarshen hutu. 'Yan matan nan kuma ba a kore su ba. A nan ne za su taimaka, su koyi reno a ƙarƙashin idon manya, su sami lokacin wasa da 'yan'uwansu. Baƙin da suka zo hutu ma sai su kawo nasu yaran, su sa wani abu a asusun ƙungiya.

Ranar bikin aure da ranar Kirsimeti kanta, sa'ad da kowa yake waje, su ne ranakun da aka fi bukatar wannan tsari, su ne kuma ranakun da ba mai son zama. Gara a raba su sa'a bibbiyu tun da wuri, a rubuta sunaye. Maganar murfin rijiyoyi kuwa ta maza ce. Sakataren ƙungiya ya sa ta cikin abubuwan da za a tattauna a taron watan Nuwamba, a zaɓi mutum biyu su zaga unguwa su ƙirga rijiyoyi da ramukan da suke buɗe, a sayi katako ko siminti a dunƙule, a gama aikin kafin motocin baƙi su fara isowa.